AWON DAJI DA KINTACEN GIRMAN ITATUWA: BAYANI DA MISALAI DAGA ƘASAR ADAMAWA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Jimeta, musamman a unguwa irin Dubeli inda kafintoci da masu sayar da itacen girki da gawayi suke hada-hadarsu kullum, zai lura cewa garin yana cin ice fiye da yadda ake zato. Katako na shiga rufin gidaje, faskare na shiga murhu, gawayi na shiga kurfoti da maƙera, masu gashin kifin Binuwai su ma da nasu rabon. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: ice nawa ne ya rage a dazuzzukan da ake ɗebowa, kuma nawa ne yake ƙaruwa a cikinsu kowace shekara? Akwai fannin ilimi sukutum da aka gina domin amsa wannan tambaya, ana kuma koyar da shi a Sashen Gandun Daji na Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, ƙetaren kogi. Sai dai kusan duk abin da aka rubuta a kansa da Ingilishi ne, alhali kuwa mai gatari da malamin daji da dillalin katako da Hausa ko Fulatanci suke magana.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake auna itace guda, da yadda ake auna daji, da kuma yadda ake kintatar abin da dajin zai bayar nan gaba, duk cikin Hausa. A kan hanya za a riƙa ba da shawarar kalmomin da za su iya ɗaukar waɗannan ma'anoni. Littafin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa nazarin harshe da adabi wannan hidima. Fannin daji yana jiran tasa.

2.0 Awo a Gargajiyance

Bahaushe ba baƙon awo ba ne. Yana da ɗani da taƙi, waɗanda ake yi da buɗe yatsu. Yana da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Yana da gaba, wato tsawon hannu biyu a miƙe. Yana da taku na auna fili. Magini ya san gaba nawa azara za ta yi kafin ta ɗauki rufin soro, masassaƙi kuma da ya rungumi gindin ƙirya ya san ko za ta ba shi turmi. A wajen itacen wuta kuwa akwai dami, da kai, da kayan jaki, yanzu kuma ga a-kori-kura.

Waɗannan ma'aunai sun isa ciniki tsakanin mutum biyu da suke kallon kaya. Inda suke gazawa shi ne wajen kwatanta bara da bana, ko dajin nan da na can, domin gabar dogon mutum ba ɗaya take da ta gajere ba, dami kuma yakan rame idan ice ya yi tsada ba tare da an canja masa suna ba. Akwai kuma matsalar harshe. Kalmar girma ita kaɗai tana ɗauke da tsawo, da kauri, da yawan jiki, da ƙaruwa, har da daraja. Mai awon daji dole ne ya rarrabe su, ya ba kowanne sunansa. A nan za a yi amfani da kewaye a matsayin tsawon igiyar da ta zagaye gindin itace, faɗin ciki a matsayin layin da ya ratsa tsakiyarsa, fuskar yanka a matsayin filin da za a gani a kan kututture da an sare shi, cika a matsayin yawan icen da ke jikinsa, sa'an nan ƙaruwa a matsayin abin da ya ƙara cikin wani lokaci.

Sunayen itatuwan kansu, alhamdu lillahi, an daɗe da tattara su, kuma ƙasar Yola na da hannu a ciki. J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa a farkon zuwan Turawa, ya buga bayani kan tsirran Lardin Yola a 1910, ya fitar da ƙamusun sunayen tsirrai na Hausa a 1916, sa'an nan babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Har yau wanda yake son ya tabbatar cewa maje da kawo da doka ba abu ɗaya ba ne a idon masana, can yake komawa.

3.0 Auna Itace Guda

3.1 Kauri

Itace ba ya da kauri ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Gindinsa a buɗe yake, yana kuma tsukewa yayin da yake hawa. Saboda haka masana suka yi ittifaƙi a kan wuri guda da za a riƙa aunawa, wato mita 1.3 daga ƙasa, daidai ƙirjin matsakaicin mutum. Hikimar zaɓen wannan wuri ita ce ya wuce kumburin saiwa, kuma mai awo ba sai ya sunkuya ko ya hau wani abu ba. Idan itacen a kan gangare yake, kamar yadda ake samu a duwatsun Bagale ko na Vere, daga ɓangaren tudu ake tsayawa. Idan ya rabu biyu ƙasa da wannan wuri, sai a ɗauke shi a matsayin itace biyu.

Da tef ake zagaye gindin a sami kewaye, a raba da 3.14 a sami faɗin ciki. Alal misali, maɗacin da kewayensa ya kai santimita 157, faɗin cikinsa santimita 50 ne. Daga nan ake fitar da fuskar yanka: a ɗauki rabin faɗin, wato mita 0.25, a ninka shi da kansa, a ninka da 3.14, sai a sami kusan murabba'in mita 0.196. Wannan adadi yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan aka tara fuskokin yankan dukkan itatuwan da ke cikin hekta ɗaya, an sami ma'aunin cunkoson dajin wanda ya fi ƙidayar itatuwa faɗin gaskiya. Hekta mai tsirrai 500 'yan sirara tana iya kasa hekta mai manyan itatuwa 40.

Ya kamata a lura cewa ba kowane itace ne yake miƙa wuya ga tef ba. Kuka takan kumbura da damina ta motse da rani saboda ruwan da take ajiyewa a jikinta, don haka wanda ya auna ta a watan Satumba ya sake aunawa a Afrilu zai iya cewa ta rame. Giginya kuwa, da yake dangin dabino ce, ba ta ƙara kauri shekara-shekara kamar sauran itatuwa. Tsawo take yi, ga kuma kumburin da take yi a can sama. Lissafin da ya dace da maɗaci ba zai yi mata ba.

3.2 Tsawo

Tsawo ya fi wuyar aunawa tun da ba a hawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ta inuwa, wadda duk wanda ya koyi sanin lokacin azahar da la'asar ta hanyar taka inuwarsa zai gane nan take. A kafa sanda mai mita 1. Idan inuwarta ta yi mita 1.5, inuwar itacen kuma ta yi mita 18 a daidai wannan lokaci, to, tsawon itacen mita 12 ne. A cikin kurmi inda inuwa ta cakuɗe, sai a koma ga na'urar hangen kusurwa, irin su Haga da Suunto: mutum ya ja da baya gwargwadon nisan da ya sani, ya hangi ƙololuwa, ya hangi gindi, na'ura ta ba shi adadi. In babu na'ura, ya ja da baya har sai ƙololuwar ta kasance a kusurwar digiri 45 daga idonsa. A nan nisansa da itacen, tare da tsawonsa shi kansa zuwa ido, shi ne tsawon itacen.

Tsawo iri biyu ne, kuma a ƙasarmu bambancinsu babba ne. Akwai tsawon itace duka, akwai kuma tsawon gangar jiki zuwa reshen farko, wanda shi ne mai katako yake sha'awa. Itatuwan kurmin Kudu sukan miƙe sambal mita 20 ko fiye kafin su yi reshe, saboda suna tseren neman rana. Na dajin Adamawa rana ta ishe su tun suna ƙanana, sai su buɗe rassa da wuri. Ke nan rabo mai yawa na icensu a rassa yake, kuma awon da ya tsaya ga gangar jiki kaɗai ya manta da abin da mai girki da mai gawayi suke ɗauka.

3.3 Cika

Da itace bututu ne, da sai a ninka fuskar yanka da tsawo a huta. Amma tun da yana tsukewa, dole a rage wani abu. Adadin da ake ragewa da shi za a iya kiransa ma'aunin tsukewa, kuma ana samunsa ne ta hanyar sare wasu itatuwa a auna su gunduwa-gunduwa. A ɗauka, domin misali kawai, cewa maɗacin nan namu yana da gangar jiki mai mita 6, ma'aunin tsukewarsa kuma 0.7 ne. Cikarsa ita ce 0.196 sau 6 sau 0.7, wato kusan kubik mita 0.82.

Mene ne wannan a bakin ɗan kasuwa? Falankin da ake kira wan-bai-tuwal, mai kaurin inci 1 da faɗin inci 12 da tsawon ƙafa 12, kubik ƙafa ɗaya ne cif, kuma guda 35 ne suke cika kubik mita. Tu-bai-fo mai ƙafa 12 kuwa sai an tara kusan 53. To, amma gungume ba ya zama katako gaba ɗayansa. Ɓawo da gefe da garin zarto suna cinye rabi ko fiye, musamman idan da injin sara na hannu aka tsaga shi a daji. Saboda haka wannan maɗaci, wanda wataƙila ya girmi wanda ya sare shi, falanki 14 ko ƙasa da haka zai bayar. A ganina, da za a riƙa faɗa wa mutane wannan lissafi a kasuwar katako, da ya fi dogon wa'azin kare muhalli shiga kunne.

Icen wuta kuma da nasa ruɗanin. Idan aka jera faskare ya cika mita ɗaya ta kowace fuska, ba kubik mita ɗaya na ice aka samu ba, domin akwai iska a tsakani, kuma gwargwadon karkacewar icen, gwargwadon yawan iskar. Shi ya sa masu bincike suka fi son auna nauyi, bayan sun cire na ruwan da ke cikin ɗanyen ice. Gawayi ya fi ɓoye gaskiya: a irin ramin da ake binnewa da ƙasa, kilo ɗaya na gawayi yakan ci kilo 5 zuwa 10 na ice.

4.0 Daga Itace Zuwa Daji

Ba mai iya bin daji itace-itace. Abin da ake yi shi ne abin da mai sayen hatsi yake yi idan ya soka buhu ya duba 'yan ƙwayoyi: a ware ƙananan filaye, a auna duk abin da ke cikinsu, a ninka. Irin wannan fili za a iya kiransa fegin gwaji. Wanda aka fi yi shi ne mai kashi ɗaya cikin goma na hekta, ko dai mita 20 da mita 50, ko kuma da'ira mai nisan mita 17.84 daga tsakiya zuwa baki. A ce gandun daji hekta 500 ne, aka kafa fegi 25, aka sami matsakaicin kubik mita 3 a kowanne. Ke nan hekta tana da 30, gandun duka yana da 15,000, alhali abin da aka taka da ƙafa bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Duk amincin wannan lissafi ya rataya ne a kan yadda aka zaɓi wuraren. Idan aka bar ma'aikaci ya zaɓa da idonsa, ko dai ya tsaya kusa da hanya inda masu sara suka riga suka gama, ko kuma ya nufi inuwar bakin rafi inda manyan itatuwa suke. Kowanne ya yi, ƙarya za ta fito ba tare da ya yi niyya ba. Maganin wannan shi ne a zana layuka a kan taswira tun a ofis, a je duk inda suka haɗu, ko da kan dutse ne ko cikin ƙaya. Haka kuma akan raba daji gida-gida tukuna, na bakin kogi daban, na jigawa daban, na gangaren dutse daban, domin kada a gwama abin da bai yi kama ba.

Akwai wata dabara mai ban sha'awa da wani masani ɗan Ostiriya, Walter Bitterlich, ya bayyana a 1948. A sami sanda mai santimita 50, a manna mata wani ɗan ƙarfe ko kwali mai faɗin santimita 1 a ƙarshenta. Mutum ya tsaya wuri ɗaya, ya kai ɗaya ƙarshen ga idonsa, ya juya da'ira yana hangen ƙirjin kowane itace. Duk itacen da ya fi kwalin faɗi a ido, a ƙirga shi. Adadin da aka samu shi ne jimlar fuskar yanka a hekta: itace 9, murabba'in mita 9. Ba tef, ba igiya. Kayan aikin ba su fi ƙarfin kowane kafinta a Dubeli ba.

A yau an ƙara da ido daga sama. Tun a shekarun baya sashen FORMECU na Gwamnatin Tarayya ya kwatanta taswirar tsirran Nijeriya ta 1976 zuwa 1978 da ta 1993 zuwa 1995, aka ga yadda gona ta ci daji. A 2020 wasu masana suka sa kwamfuta ta ƙirga itatuwa ɗai-ɗai daga hotunan tauraron ɗan Adam, suka sami fiye da biliyan 1.8 a wani yanki na Sahara da Sahel na Afirka ta Yamma mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3, wurin da ake ɗauka kusan fayau ne. Da irin waɗannan hotuna ne aka tabbatar da abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun daga wajen 1983 da dabarar sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona, har aka ƙiyasta ta game hekta miliyan 5. Amma hoto inuwar itace yake gani. Ba ya gane madobiya daga marke a kowane lokaci, ba ya kuma sanin wanda cikinsa ya ruɓe. Gawo ma yakan yaudare shi, tun da shi da damina yake zubar da ganye. Dole dai wani ya je da tef.

5.0 Kintacen Ƙaruwa

Awo yana faɗin abin da ke akwai yau. Mai kula da daji kuwa abin da ya fi damunsa shi ne na shekara 10 ko 40 masu zuwa. Wannan tunani ya samo asali ne daga Jamus, inda ƙarancin ice ga ma'adinai ya sa Hans Carl von Carlowitz ya rubuta littafi a 1713 yana cewa kada a sari fiye da abin da daji yake mayarwa. Bafulatani ba ya bukatar a fassara masa wannan: nono ake sha, ba a yanka nagge. Jamusawa suka shafe ƙarni na 19 suna auna gandaye suna tsara jadawalin da ke nuna abin da hekta za ta bayar a kowane shekaru. Ingilishi suka kai ilimin Indiya da Bama, daga can H. N. Thompson ya zo da shi Nijeriya a 1903. An kafa ma'aikatar binciken daji ta tarayya a Ibadan a 1954, sashen koyar da fannin a Jami'ar Ibadan a 1963, da tashar binciken dajin Arewa a Samaru, Zariya, a 1964.

Hanya biyu ake bi a san ƙaruwa. Ta farko ita ce karanta zoben shekara. A ƙasashen sanyi itace yakan tsaya da girma da hunturu, sai ya bar zobe a cikin jikinsa, ana kuma iya zaro siririn ice da wani ƙarfe mai kama da matsoni a ƙirga ba tare da an sare shi ba. An daɗe ana cewa itatuwan ƙasashen zafi ba su da wannan. Maganar ta fi dacewa da kurmin da ruwa ba ya yankewa. A inda rani yake yin wata shida ko fiye, kamar Yola da ruwanta yake sauka daga Mayu zuwa Oktoba, rani shi ne hunturun. Binciken da aka buga a 2006 kan itatuwan Binin da Kwaddebuwa ya nuna cewa doka da maje da kawo da madobiya da marke suna yin zobe na shekara-shekara, kuma faɗinsa yana bin yawan ruwan sama. Sai dai gobarar daji ko yankewar ruwa a tsakiyar damina sukan haifar da zoben ƙarya, don haka karatun yana son ido ƙwararre.

Hanya ta biyu, wadda ta fi aminci, ita ce fegin dindindin: a sa wa kowane itace lamba, a shafa fenti a daidai wurin da aka auna, a dawo bayan shekara 5 a sake. A nan ne ake sanin abubuwa uku da suke tafiyar da daji, wato ƙaruwar waɗanda suke raye, da mutuwar wasu, da shigowar sababbi. Misali mafi kusa da mu yana dajin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila, wanda yake cikin tsohuwar Jihar Gongola kafin a raba ta zuwa Adamawa da Taraba a 1991. A can an ware fegi mai hekta 20 da 'yan kai inda ake sa wa duk tsiron da faɗin cikinsa ya kai santimita 1 lamba, bisa tsarin da aka fara a tsibirin Barro Colorado na ƙasar Panama a farkon shekarun 1980. Aiki ne na haƙuri, kuma maƙiyinsa ba wahala ba ce, katsewa ce. Fegin da aka auna sau ɗaya, aka canja wa jami'in wurin aiki, gara ta ci fayil, ya zama kamar ba a yi ba. Rashin tsaro ma ya shigo cikin lissafin: dajin Rugu na ƙasarmu ta Katsina, da Sambisa a Barno, an yi shekaru ba wurin da malamin daji zai shiga da tef da littafi ba ne.

5.1 Yaushe Ya Kamata a Sare?

A gandun da aka dasa, inda itatuwa iri ɗaya ne kuma sa'o'in juna, kamar turaren Afaka kusa da Kaduna ko na Mambila, amsar tana fitowa daga kwatanta ƙaruwa iri biyu. Akwai ƙaruwar bana, wato abin da hekta ta ƙara a wannan shekara, akwai kuma matsakaiciyar ƙaruwa, wato jimlar cika a raba da shekarun gandun. Ga alƙaluman da aka ƙaga domin fahimtarwa. A ce hekta tana da kubik mita 40 a shekara ta 4, da 78 a ta 6, da 112 a ta 8, da 135 a ta 10, da 150 a ta 12. Matsakaiciyar ƙaruwa za ta kasance 10, da 13, da 14, da 13.5, da 12.5. Tsakanin shekara ta 6 da ta 8 gandun yana ƙara 17 a shekara, ya fi matsakaicinsa. Tsakanin ta 8 da ta 10 ya koma 11.5, ya kasa shi. Ke nan wajen shekara ta 8 zuwa ta 9 ne layukan biyu suka haɗu, kuma nan ne lokacin sara ga wanda yawan ice yake nema. Bayan nan itatuwan suna ci gaba da girma, amma filin zai fi amfani da an sake dasa shi. Mai neman turakun lantarki ko faffaɗan katako kuwa zai jira, domin kauri yake sayarwa ba yawa ba.

Kafin a ɗauko jadawali a yi aiki da shi, sai an san ƙarfin ƙasar. Ana gane wannan daga tsawon manyan itatuwa 100 mafiya kauri a hekta idan aka kwatanta da shekarunsu, saboda cunkoso yana rage kauri ƙwarai amma bai cika taɓa tsawon manya ba. Jadawalin da aka tsara a Mambila, inda ruwa da sanyi suka wadata, zai yi wa mai dashe a Girei ko Fufore alkawarin da ƙasarsa ba za ta cika ba. Wannan gargaɗi ya shafi Adamawa kai tsaye, tun da tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya ƙunsa. Yawan tsiron da aka dasa shi ake sanarwa a rediyo. Yawan wanda ya rayu bayan rani uku, shi ne awon gaskiya.

5.2 Dajin Allah

Dajin da ba dasa shi aka yi ba ya fi wuyar kintace. Itatuwa iri-iri ne, shekarunsu daban-daban, wuta na bi ta kansu kusan kowane rani, makiyaya kuma suna sassabe rassan maɗaci da kawo da madobiya domin dabbobi idan ciyawa ta ƙare. Itacen da ake aske wa ganye duk shekara ba zai yi kaurin ɗan'uwansa ba, ba zai kuma zubar da iri sosai ba. A irin wannan daji akan jera itatuwa aji-aji bisa faɗin ciki, daga santimita 10 zuwa 20, daga 20 zuwa 30, har sama, a lissafa kashi nawa ne suke hayewa daga aji zuwa na gaba cikin shekara 5. Lafiyayyen daji ƙanana sun fi yawa a cikinsa, adadin yana raguwa zuwa manya. Idan aka ga manya tsaye amma ajin ƙasa wayam, to, dajin ya riga ya mutu, labari ne bai iso ba. Haka kaɗanya da ɗorawa suke a gonaki da dama, inda garma ba ta barin 'ya'yansu.

Madobiya ita ce ta nuna mana farashin rashin awo. Icenta ja ne mai nauyi, masu yin kujerun alfarma a ƙasar Sin suna sonsa, kuma a shekarun 2010 'yan kasuwa suka dira a kanta, suna kiranta madrid ko koso. Bayan an ci ta a wasu jihohi, sara ya iso Taraba da Adamawa, har gefen gandun Gashaka-Gumti, manyan motoci suna jigilar gungume zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. A taron Johannesburg na 2016 aka sa ta cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido a kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, dokar ta fara aiki a Janairun 2017. Sharaɗin wannan jeri shi ne ƙasa ba za ta fitar da ice ba sai masananta sun nuna da hujja cewa yawan da ake sara ba zai cutar da irin ba. A 2018 aka dakatar da cinikin madobiya daga Nijeriya, kuma babban dalili shi ne ba a gabatar da wannan hujja ba. Hujjar kuwa ba wani abu ba ce illa abin da aka bayyana a sama: guda nawa ne a hekta, a wane aji, kuma milimita nawa suke ƙarawa a shekara.

Lissafin ba mai tsawo ba ne. Idan itace yana ƙara milimita 5 a faɗin ciki kowace shekara, sai ya shekara 80 kafin ya kai santimita 40. Idan milimita 8 ne, shekara 50. Dajin da itatuwansa suke bukatar shekara 80 ba zai jure a sari fiye da kashi ɗaya cikin 80 na filinsa a shekara ba, kuma ko wannan ma sai an bar iyaye masu zubar da iri, an kuma tsare tohon kututture daga wuta da awaki. A gandun hekta 500 da aka yi misali da shi a baya, wannan bai wuce hekta 6 da 'yan kai ba a shekara, alhali ayarin masu injin sara guda yana iya tsince manyan madobiyar da ke cikin irin wannan fili a 'yan kwanaki.